Wata takwas ina cefane a kantin da nake da ƙuri'a ɗaya a cikinsa

Gara in faɗi gaskiya tun farko: ni ba 'yar kallo ba ce a wannan kanti, don kantin abinci ne na gama-kai, mallakar mambobinsa. Na biya dala 100 na zama mamba tun ginin yana kango, tantabaru na kwana a ciki, don haka duk abin da zan faɗa a auna shi da wannan mudun. Sunan kantin ba zan kama ba, balle na garin, saboda akwai ƙorafi a bakina, masu aiki a wurin kuma maƙwabtana ne, gobe da safe za mu haɗu a tashar bas. Ya isa in ce birni ne a tsakiyar Amurka, irin garuruwan da masana'antu suka tashi suka bar mutane da gidaje, inda ƙanƙara ke kwana a titi daga Disamba zuwa Maris.

Aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi. Mota ɗaya ce a gidanmu, kuma maigida ne ke fita da ita tun asuba. Cefane a wurina a da bas biyu ne zuwa, bas biyu dawowa, da tsayuwar jira a tsakani. In komai ya tafi daidai, awa uku. Na taɓa dawowa da latas da ya daskare a leda tun ina tasha, da na sa shi a ruwa ya saki jiki kamar an dafa. Galan ɗin madara ɗaya nake iya ɗauka, don hannu biyu Allah ya ba ni. Abin da ƙafa za ta kai a unguwar gidajen mai biyu ne, da shagon giya, da shagunan nan na kayan araha da ake kira na dala har guda uku. Akwai biskit, akwai lemon kwalba, akwai gwangwani iri-iri. Ka nemi albasa ƙwaya ɗaya ka gani.

Ma'aikatar noma ta Amurka tana da ma'aunin irin wannan wuri: unguwar masu ƙaramin ƙarfi inda aƙalla mutum 500, ko kashi ɗaya bisa uku na mazauna, suke nesa da babban kanti da fiye da mil 1 a birni, ko mil 10 a karkara. Jaridu na ce masa hamadar abinci. Maƙwabciyata, wata dattijuwa baƙar fata da aka haifa a layin nan, wadda yarana ke ce wa Kaka, ba ta son sunan ko kaɗan. Hujjarta ita ce hamada Allah ne ya yi ta, wannan kuwa da biro aka yi ta. Na ɗauka faɗan tsufa ne. Sai da na shiga kwamitin nema wa kantin wuri na ga biron da idona.

Akwai tsohon babban kanti a bakin titi da ya rufe tun kafin mu zo garin. Gini lafiyayye, da ƙofar sauke kaya, da fili fetal a gabansa. Kowa can ya sa ido. Lauyar da ke taimaka mana kyauta ta je ta ciro takardar mallakarsa, sai ga sharaɗi a kwance: kamfanin da ya tashi ya sayar da ginin ne bisa alkawarin ba za a sake sayar da kayan abinci a ciki ba na tsawon shekaru. Ya tafi, ya kulle, ya sa makullin a aljihu, don kada wani ya zo ya raba shi da masu sayen da za su bi shi reshensa na bayan gari. Ba ya ci, ba ya bari a ci. Ashe abu ne da aka saba a harkar, har birnin Shikago ya yi dokar taƙaita shi tun 2005. Garinmu bai yi ba, don haka muka haƙura muka koma kan wani tsohon shagon kujeru da katifu da ke kan kwana, mai faɗin murabba'in ƙafa kusan 10,000.

A nan na koyi abin da ake nufi da dokar shiyya. A Amurka kusan kowane fuloti a birni yana da launinsa a taswirar hukuma: nan gidajen kwana kaɗai, nan kasuwanci, can masana'anta. Ba gwamnatin tarayya ke zanawa ba, majalisar birni ce da hukumar tsara gari. Niyok ce ta fara yi wa gari sukutum irin wannan tsari a 1916, kuma a 1926 Kotun Ƙoli ta halatta shi a shari'ar wani ƙaramin gari mai suna Euclid a jihar Ohio. Tun daga nan mallakar fili daban, izinin abin da za ka ɗora a kansa daban.

Launin namu ya yarda da shago. Fakin ne ya kusa kashe mu. Dokar garin ta ce kantin abinci sai da wurin ajiye mota 5 a kan kowace murabba'in ƙafa 1,000. Mai sayar da katifa ba a neman masa haka, don ba kullum ake sayen katifa ba, amma da ka ce abinci sai lissafi ya canza. Mota 50 ke nan. Kowace mota, in an haɗa da hanyar juyawa, tana cin murabba'in ƙafa 300 ko fiye. Ka buga lissafin: 15,000. Shimfiɗar motoci ta fi kantin kansa girma, a unguwar da gidaje da yawa ba su da ko taya. Wurin da ke bayan ginin mota 14 yake ɗauka in an matsa. Da za mu bi dokar yadda take, sai mun sayi gidaje biyu na maƙwabta mun rushe, wato mu kori masu cefanen don mu yi wa motocin da babu masauki.

Sai aka nemi sassauci, wanda shi ma doguwar tafiya ce. A cike takardu, a biya kuɗi, a kawo zanen gini, a aika wa duk mai gida da ke kusa wasiƙa, a kafa allo a gaban ginin, sannan a zauna jiran ranar sauraro. Sau uku ana dawo mana da zanen, kowane karo jami'i daban da gyara daban, mai zanen kuma ba sadaka yake yi ba. Hayar ginin tana tafiya, ba a sayar da ko gishiri ba. Wannan ne babban ƙorafina a kan hukumar. Ba ta ce a'a ba, amma ta bari muna ƙona kuɗin talakawa wata da watanni kafin ta ce e. Babban kamfani yana da lauyoyin da aikinsu ke nan tun safe har yamma. Mu muna da Kaka, da wani malamin makaranta mai ritaya, da ni da nake gyangyaɗi a taro bayan aikin dare.

An sa ranar sauraro ƙarfe biyu na rana, a ranar aiki, lokacin da duk wanda kantin zai amfana yana wurin neman abinci. Duk da haka mun cika ɗakin. Minti uku ake ba kowa, da agogo a gaba yana ƙirgawa. Ni ban shirya jawabi ba. Keken cefanena na ja, mai ƙafa ɗaya a karkace, har gaban teburinsu, na ce ga motata, a nuna mini inda doka ta ce in ajiye ta. An yi dariya, har shugaban zaman. Ban ce dariyar ce ta ci mana nasara ba, aikin lauya ne da lissafin malam, amma ban yi nadamar jan keken ba.

Mutum ɗaya ya tashi ya ƙi, wani dattijo da gidansa ke manne da bayan ginin. Tsoronsa manyan motoci su riƙa tashinsa da asuba, masu cefane kuma su toshe masa ƙofar gareji. A ranar na ji haushinsa. Yanzu na san rabin maganarsa gaskiya ce. Hukumar ta ba mu sassaucin, amma ta ɗaura masa igiya: ba a sauke kaya sai tsakanin ƙarfe bakwai zuwa sha ɗaya na safe, Litinin zuwa Juma'a. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

Bayan haka kansilar mazaɓarmu ta kai gyara majalisa, aka rage adadin fakin da ake nema wa duk kantin abinci a unguwanni irin tamu, don kada na gaba ya sha abin da muka sha. Birnin ya kuma sayar mana da ƙaramin filin da ke gefe, wanda ciyawa ta cinye, a kuɗi kaɗan. Na yaba, amma ba wata bajinta ba ce. Buffalo ta soke tilascin fakin a faɗin gari tun 2017, Minneapolis ta bi a 2021. Niyok kuwa tun 2009 take da shirin FRESH, inda mai gini da ya sa kantin abinci a ƙasan benensa ake ƙara masa izinin gini daidai da faɗin kantin, har murabba'in ƙafa 20,000. Namu sun dai bi sawu ne, kuma a makare.

To, mu shiga ciki.

Da ka tura ƙofa kayan lambu ne ke tarbarka, kuma nan ne kantin ya ci kuɗinsa. Alayyafo, kabeji, ganyen kolad da baƙaƙen Amurka ke dafawa da nama, kubewa ɗanya wadda in ka karya bakinta za ta yi ƙas, albasa kala uku, barkono mai zafi na gaske ba na ado ba. Daga Yuli zuwa Satumba manoman kewayen gari ne ke kawo mafi yawa, ana rubuta sunan gonar a allo, tumatirin yana ƙamshin tumatir. Da sanyi ya shigo sai ya koma irin na ko'ina, fari-fari, mai tauri, wanda ya sha doguwar tafiya a tirela. Wannan ba laifinsu ba ne. Laifinsu shi ne jinkirin kwashe abin da ya gaji. Na sha tsintar yaushin ganye a ƙasan tari, sau ɗaya ma lemo mai fumfuna a cikin raga. Na nuna wa yarinyar da ke wurin ta canza mini ba musu, amma ba aikin mai saye ba ne tsince musu kaya.

Inda zuciyata take shi ne layin awo. Manyan mazubai ne a jere, shinkafa, farin wake, alkama, gyaɗa, citta, kanumfari, ka ɗebi daidai aljihunka ka ɗora a sikeli. Ranar da ƙarshen wata ya matse, kana iya sayen kanumfari na santi 60 ka fita da mutuncinka, ba sai ka ɗauki kwalba guda ba. A nan sun fi manyan kantuna sauƙi, na gwada rasit da rasit.

Daga nan kuma sai labari ya sha bamban. Man girki, sukari, garin sabulu, ƙunzugun yara, madarar gwangwani, duk sun fi tsada, wani abin da kaɗan, wani da abin da za ka tsaya ka sake duba lambar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ribar kantin abinci a ƙasar nan santi 1 zuwa 3 ce a kowace dala, babban kamfani kuma yana sayen tirela ɗari a lokaci guda, mu muna sayen katan goma. Mai sari ba ya yi mana farashi ɗaya. Majalisar birni tana iya goge layin fakin da biro, amma biron nan ba ya kaiwa kan farashin man girki. Suna ƙoƙarin cike giɓin: akwai 'yan kayan yau da kullum da suka danne farashinsu aka sa musu jan tambari, akwai ranar rangwamen mambobi, suna karɓar katin tallafin abinci na SNAP da na mata da yara na WIC. Mai katin SNAP kuma in ya sayi kayan lambu ana ninka masa, irin tsarin da aka fara a Detroit a 2009. Kaka da wannan take cika firjinta.

Nama shi ne ciwon da ke damuna. Babu na halal, ko kaza. Kifi akwai a daskare, mai kyau, amma wata takwas ina rubuta buƙatar a allon shawarwari ana amsa mini da cewa ana dubawa. Manajan ya yi mini bayani da ladabi: firji wuri yake ci, mai kawowa yana son a ɗauki adadi mai yawa, kuma ba su tabbata za a saye ba. Na ce masa ya leƙa masallacin da ke layi na huɗu ranar Juma'a ya ƙirga takalma. An dai sa maganar a ajandar taron mambobi mai zuwa. Wannan ne bambancin kantin gama-kai da na kamfani, kuma tsohon tsari ne, tun mutum 28 ɗin nan na Rochdale a Ingila da suka buɗe ɗan shagonsu a 1844 da gari da sukari da man shanu: mamba ɗaya, ƙuri'a ɗaya, komai kuɗinka. Kada dai a ɗauka abin daɗi ne zalla. Na zauna a taron da aka kwashe minti arba'in ana gardama a kan ko a sayar da lemon kwalba. Masu aƙida suka ce guba ce, uwaye suka ce in babu shi yaranmu shagon dala za su koma, mu ma mu bi su. Uwaye suka yi rinjaye, da ƙuri'ata a ciki.

Ma'aikatan yaran unguwa ne, wasu na san iyayensu. A watannin farko layin biya yana tafiyar hawainiya, don mai karɓar kuɗi sai ta buɗe littafi ta nemo lambar kubewa. An taɓa caje ni lemo sau biyu, na koma da rasit washegari aka mayar mini har da ban haƙuri. Yanzu hannunsu ya faɗa. Wurin tsaf yake, banɗaki a buɗe ga kowa, kuma ba mai gadin da ke bin bayanka yana kallon jakarka. Wanda ya yi cefane da baƙar fata da mayafi a ƙasar nan ya san nauyin wannan magana ta ƙarshe.

Lokacin buɗewa bai yi mini ba. Ƙarfe tara suke buɗewa, ni kuma bakwai nake tashi daga aiki, don haka ko in zauna awa biyu da barci a ido, ko in koma gida in sake fitowa. Ba ni kaɗai ke aikin dare a unguwar nan ba, ku tambayi direban bas ɗin farko.

Sai igiyar nan da na ce a riƙe. Tunda ba a sauke kaya Asabar da Lahadi, abin da ya shigo Juma'a da safe shi zai kai kantin har Litinin, alhali Asabar ce ranar ciniki. Ka je Lahadi da yamma ka ga kantar madara ta yi wayam, burodi saura na tsada, ayaba ta yi baƙi. Wanda bai san tarihin ba zai ce sakaci ne, ya fita ya gaya wa mutum biyar cewa kantin nan ba kaya. Ni da na zauna a ɗakin da aka rubuta sharaɗin na san layi ɗaya ne a takardar hukuma yake bayyana a kan kanta duk ƙarshen mako. Shawarata ga mai zuwa: Talata ko Juma'a da hantsi. Fakin ɗin kuwa, mota 14 ɗin nan da aka ce ba za su isa ba, yawancin ranaku rabinsu a sake suke. Farkon wata da Asabar ne ake cika, kuma sau biyu an toshe wa dattijon nan gareji kamar yadda ya faɗa, har sai da aka shafa fenti rawaya a bakin ƙofarsa. Yanzu shi ma a nan yake sayen kofi, bai dai zama mamba ba.

Ina da fargaba, kuma tana da tushe. A Greensboro ta jihar North Carolina, wata unguwa ta shekara 18 ba babban kanti, mutane suka haɗa kai suka buɗe nasu mai suna Renaissance a ƙarshen 2016, da tallafin birni da komai. Farkon 2019 ya rufe, don ciniki bai kai ba. Shekara 18 ta koya wa mutane wata hanyar cefane, kuma sabo ba ya sakin mutum don an yanka kirtani an yi tafi. Wasu sun buɗe bayansa, Gem City Market a Dayton a 2021, na Detroit a watan Mayun 2024 bayan fiye da shekara 10 ana fafutuka, kuma kowannensu da wannan lissafin yake kwana. Ni kaina ba wankakkiya ba ce. Sau ɗaya a wata maigida yana kai ni babban kantin bayan gari in lodo mai da sabulu da ƙunzugu, in dawo ina sunkuyar da kai in mun wuce ta gaban namu. Yara uku gare ni, aƙida ba ta biyan haya. Sauran cefanen sati dai, ganye da awo da madara da ƙwai, a nan nake yi, da ƙafa, minti bakwai.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali, an kafa allon neman izini a wani kango da ke layi biyu daga kantin: shagon dala na huɗu. Ba ya sayar da albasa, amma zai janye cinikin sabulu da biskit da lemo, wanda da shi ƙaramin kanti ke rufe asarar ganyen da ya yi yaushi. A Tulsa ta jihar Oklahoma, wata kansila mai suna Vanessa Hall-Harper ta ja gaba har aka yi doka a 2018 cewa a arewacin garin ba za a buɗe sabon irin shagon nan ƙasa da mil 1 daga wani ba. Na kai wa kansilarmu labarin a rubuce. Ta ce tana dubawa, irin amsar manajanmu a kan kaza.

In maki ake so, huɗu cikin biyar. Na cire rabi don farashin kayan gwangwani da sabulu, na cire rabi don nama da ƙarfe tara. Lahadi da yamma ban cire musu komai ba, don ba su suka rubuta ba.

Mun sake shigar da takarda hukumar, muna neman abu biyu: a bar mota ɗaya ta sauke kaya Asabar da safe, kuma a yarda manoma su kafa tebura a filin gefe lokacin zafi, don yanzu launin filin bai yarda da ciniki a waje ba. Wannan karon an sa sauraron ƙarfe shida na yamma, bayan mun yi ta mita. Na riga na yi musayar aiki da wata abokiyar aikina. Kaka ta ce ita za ta fara magana, kuma ta ɗauki nauyin zuwa gidan dattijon nan da kanta kafin ranar, da kwanon wake a hannu. Keken cefanen nawa an gyara masa ƙafa, don haka sai na nemo wani abin da zan ja musu.